Me ya sa masu tsara rawar zamani ba sa faɗin ma'anar aikinsu?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Kwanakin baya na kalli wata rawar zamani ta kusan awa guda, da aka kammala sai wadda ta tsara rawar ta fito ta zauna a bakin dandamali domin amsa tambayoyin 'yan kallo. Wani dattijo ya tambaye ta abin da rawar take nufi, sai ta ce ita ba saƙo ta kawo ba, wata tambaya ce ta daɗe tana bibiya, wato yadda jiki yake yi idan ya ɗauki hanyar faɗuwa sannan ya fasa. Ta yi ta ambaton bincike da ƙa'idojin da ta gindaya wa masu rawa, amma ko sau ɗaya ba ta ce ga labarin ba. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su fahimtar da ni: shin haka masu wannan sana'a suke tunani da gaske, ko kuwa dabara ce ta kauce wa tambaya?

Malamin Fasaha ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ba kauce wa tambayar ta yi ba, sai dai dattijon ya tambayi abin da ya gani ne, ita kuwa ta amsa masa da yadda aka yi shi. Mutum biyu za su nuna maka inda wannan salon magana ya samo asali, kuma dukansu sun rasu a 2009, tsakaninsu bai cika wata guda ba.

Na farko shi ne Merce Cunningham na Amurka, wanda ya kafa ƙungiyarsa ta rawa a 1953. Shi a wurinsa motsi ya ishi kansa, ba ya bukatar labari ya goya shi. Yakan tsara guntayen motsi, sannan ya jefa kwabo domin ƙuri'a ta zaɓi wanda zai zo gaba, da inda za a fuskanta, da yawan waɗanda za su yi shi, saboda ya lura cewa idan aka bar wa jiki zaɓi, abin da ya saba kawai zai maimaita. Shi da makaɗi John Cage sukan amince a kan tsawon lokaci, kowa ya tafi ya yi aikinsa shi kaɗai, har ma sau da yawa masu rawar ba sa jin kiɗan sai a daren da za a fara nunawa. Wanda ya yi aiki haka, in ka tambaye shi ma'ana, lissafin lokaci da fili zai ba ka, domin a kansu ya yi tunani.

Ta biyu ita ce Pina Bausch ta Jamus, wadda ta karɓi ragamar ƙungiyar rawa ta birnin Wuppertal a 1973. Ita tambayoyi take yi wa masu rawarta a kan tsoro da ƙauna da ƙuruciya, kowa ya amsa da jiki ko da baki, tana zaune tana rubutawa, daga baya ta tsinci kaɗan daga tarin amsoshin ta ɗinka su. An san ta da cewa ba yadda mutane suke motsi ne ya dame ta ba, abin da yake motsa su ne. To amma ita ma ba ta yarda ta fassara aikinta ba. A rawarta mai suna Café Müller ta 1978, mace tana tafiya ido rufe a ɗakin da yake cike da kujeru, wani namiji yana gaggawar ture su daga gabanta. Duk wanda ya taɓa tsare wa wani hanya ba tare da shi ya sani ba zai gane abin, kuma bayani zai rage shi ne kawai.

Tsohuwar Mai Rawa ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan ƙara da abin da na gani a ɗakin atisaye cikin shekarun da na yi ina rawa. Kalmomin nan da suke ba 'yan kallo haushi kayan aiki ne a can. Ba kasafai ake cewa ki ɗaga hannu zuwa nan ba. Abin da ake cewa shi ne ki rubuta sunanki a iska da gwiwar hannu, sannan ki sake rubuta shi da ƙugu, sannan ki yi duka biyun kamar ƙasan ɗakin ya karkace. A karo na ashirin, lokacin da gumi ya jiƙa riga kuma dabara ta ƙare, a nan ne wani abu yake fitowa wanda babu wanda ya shirya shi, sai ka ji an ce a riƙe wannan. William Forsythe, wanda ya jagoranci ƙungiyar bale (rawar gargajiyar Turai ta dandamali) ta birnin Frankfurt na Jamus daga 1984 zuwa 2004, ya koyar da masu rawarsa su riƙa ganin layuka da ɗigo a cikin iska suna lanƙwasa su. Ohad Naharin kuwa, mai tsara rawa na Isra'ila, a salonsa da ake kira Gaga, ba ya yarda a yi aiki da madubi, domin mai rawa ya saurari abin da jiki yake ji maimakon siffar da yake gani.

Sai dai akwai inda nake da ƙorafi. Na taɓa yin makonni ina haƙo wani motsi daga irin wannan aiki, ya zama shi ne zuciyar rawar, amma da takardar sanarwa ta fito suna ɗaya ne a matsayin mai tsarawa. Ban musa cewa zaɓe da jerawa da yankewa aiki ne babba ba, kuma nasa ne. Amma wanda yake cewa tambaya kawai yake yi, ya kamata ya ambaci waɗanda suka ba da amsa. Yanzu wasu sukan rubuta cewa an tsara tare da masu rawa, kuma hakan ya fi kusa da gaskiya.

Mai Shakka ya amsa:

Ina girmama abin da Malama ta faɗa, amma kada mu wanke kowa. Wani kaso na wannan magana ba a ɗakin atisaye aka haife shi ba, a takardun neman tallafi aka haife shi, inda kowa yake bincike kuma kowa yake ƙalubalantar wani abu. Ma'aunina shi ne ko za a iya ganin maganar a jiki. Yvonne Rainer, mai tsara rawa ta Amurka, ta rubuta gajeriyar sanarwa a 1965 tana ƙin burgewa da nuna gwaninta, sai a 1966 ta fito da rawarta mai suna Trio A, inda mai rawa ba ya haɗa ido da 'yan kallo ko kaɗan, kuma babu motsin da aka fifita a kan wani. Nan magana da aiki sun dace. Idan matar da ɗan'uwanmu ya kalla ta ce faɗuwa take bincike, to ya tambayi kansa ko ya ga jikin da ya kusa faɗuwa da gaske.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Hakika na gani, har sau biyu na miƙa hannu daga kujerata ba da saninna ba. Amma idan rawar daga jikin wasu mutane ta fito, yaya ake adana ta bayan sun tafi?

Malamin Fasaha ya amsa:

Masanin rawa Rudolf Laban ya wallafa tsarin rubuta motsi a 1928, amma masu iya karanta shi kaɗan ne, bidiyo kuma siffa yake kamawa, ba ya kama umarnin da ya haifar da ita. Cunningham ya tsara tun yana raye cewa a rufe ƙungiyarsa bayan rangadin bankwana, aka rufe ta a ƙarshen 2011, aka bar bayanan ayyukansa ga masu son sake nuna su. Magadan Bausch sun bi wata hanyar. Rawarta ta 1975 a kan kiɗan makaɗi Stravinsky, wadda ake yi a dandamalin da aka shimfiɗe da ƙasa, tsofaffin masu rawarta ne suka je École des Sables, makarantar rawar da mai tsara rawa Germaine Acogny ta kafa a Toubab Dialaw ta Senegal, suka koyar da ita jiki da jiki ga matasa daga ƙasashen Afirka fiye da goma. Annobar korona ta dakatar da su a 2020 ana gab da fara nunawa, sai suka yi ta a kan rairayin bakin teku kafin kowa ya koma gida, kuma sai a 2021 suka hau dandamali.