Jaririn da aka haifa da ƙari a bayan ido: mu haɗa abin da muka sani

Likitar yara, Jos: Salamu alaikum abokan aiki. Batun jaririn da ya zo duniya ido ɗaya ya turo waje, fatar ido ta kasa rufuwa. Ɗaya daga cikin masu kawo haka teratoma ce, ƙari mai ɗauke da ruwa, kitse, ƙashi, wani lokaci har da haƙori. Ba kasafai take zama ciwon daji ba. Bismillah.

Sistar ɗakin jarirai: Ranki ya daɗe, bushewa ce ke fara cinye idon tun kafin a kai ga tiyata, balle a hunturun Jos. A riƙa sa man ido duk awa ɗaya ko biyu, a rufe da siririyar leda mai tsabta irin ta rufe abinci. Ban da auduga, tana karce baƙin ido. A kuma ja kunnen kakanni: ba tozali, ba nonon uwa, ba sakiyar wanzami.

Likitan hoto: Kada allura ta kusanci wurin sai an ga hoto. Kumburin da ke harbawa ko ƙaruwa idan jariri na kuka, ƙila ƙwaƙwalwa ce ta ɓullo ta ramin ƙashi. Hoton cikin jiki na MRI ke nuna ko ƙarin ya shiga cikin kai, hoton CT kuma ya nuna ƙashi.

Likitan sa barci: Jariri mai kilo 3 jininsa duka kusan mililita 250 ne. Mililita 25 kacal ya zuba, kashi 10 cikin 100 ya tafi. Don haka jini ya iso ɗakin tiyata kafin wuƙa, a auna kowace auduga don sanin jinin da ya zuba. Jawo ƙwayar ido kan sa bugun zuciya ya faɗi nan take. Idan haka ta faru, mai tiyata ya saki, atirofin, maganin da ke ɗaga bugun zuciya, na kusa. A ɗumama ɗakin.

Likitan tiyatar ido, Abuja: A da akan kwashe duk abin da ke kwarmin ido. Yanzu ana fara zuƙe ruwan ƙarin ya saɓe, sannan a ɓanɓare shi a hankali, a bar ƙwayar idon ko da ganin ya raunana, don kwarmin ya girma daidai da fuska. Ragowar da aka bari ita ke sake tsirowa, saboda haka a kai duk abin da aka ciro ɗakin gwaji, a ci gaba da bibiya da hoto.