Madubin leƙe na ɗorawa a kan tsohuwar kyamara: wa ya taɓa aiki da shi?

Mai Zorki:
Assalamu alaikum. Na gāji kyamarar Zorki 4 daga kawuna. Tagar leƙenta iyakar lensi mai milimita 50 kawai take nunawa, shi ya sa da na ɗaura Jupiter-12 mai 35, sai abubuwan da ban yi niyya ba suka cika gefen hoto. Waɗanda suka gwada madubin da ake zurawa a sama, ya kuka ji da shi?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Nawa na KMZ ne, masana'antar Rasha da ta ƙera Zorki, mai idanu biyar da ake murzawa, na lensi mai milimita 28, 35, 50, 85 da 135. Daga na Zeiss na kyamarar Contax Rashawa suka kwaikwayo shi. Ranar farko na ɗauki 'yata a bakin ƙofa da lensin Jupiter-9, tana dab da ni. A madubi na ga fuskarta har ɗankwali. Da aka wanke fim, daga goshi sama babu. Wallahi abin ya ci mini rai. Madubin yana zaune sama da lensi ne, in mutum ya matso sai ganinsu ya bambanta. Akwai alamomin nisa a jikinsa da ake daidaitawa, ni kuwa ban taɓa su ba.

Kawu Mai Leica:
Ɗana, naka da sauƙi. Ni madubin VIDOM na kamfanin Leitz nake da shi a kan kyamarar Leica II, wadda ta fito a 1932. Dama da hagu a juye yake nuna su. Na je hawan salla, doki ya yi dama, hannuna ya bi shi hagu, fim ɗaya ya tafi a kan ƙura da wutsiya. VIOOH da ya biyo baya ya gyara wannan, shi nake ɗauka yanzu. Amma fa in 50 ce a kai, madubin SBOOI ya fi min su duka: girman abu yadda ido ke ganinsa, kana iya buɗe idanu biyu.

Hajiya Mai Hoto:
Ku haska cikinsa da tocila kafin ku saya. Nawa ya yi damina biyu a jakar fata, gansakuka ta yi masa saƙa kamar yanar gizo.

Baban Hanifa:
Na manta, Malam Mai Zorki. Na KMZ iri biyu ne, na kyamarar Kiev da na Zorki, kowanne da gefen da ya karkata. In ka sayo na Kiev, zai rufe maka maɓallin saurin ɗauka.

Mai Zorki:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, gansakukar ta fita da aka goge, ko ta riga ta ci gilashin?