Baba ya daina magana, yanzu jifa da duka yake yi: mai jinya ko asibitin ƙwaƙwalwa?

Maman Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki bayan ƙaramar salla, ɓarin dama, maganarsa ta ɗauke. Kalma ɗaya ta rage masa, "to". Yunwa "to", fitsari "to". In ba a gane ba sai ya wurgo kofi da hannun hagu, jiya har Umma ya mara. Yana zuwa gashi, yana shan maganin hawan jini, an yi ruƙiyya. Yayyena maza sun ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ni na ce a ɗauko mai jinya namiji. Wanda ya taɓa gani ya ba ni shawara.

Abu Hanif: Allah ya ba shi lafiya. A gwada ruƙiyya da man habbatus sauda.

Maman Khalifa: Malam, ai na ce an yi.

Sista Bilki: Ba taɓin hankali ba ne. In ɓarin dama ya shanye, hagun ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, kuma a can magana take ga yawancin mutane. Ya san abin da yake so, kalmar ce ta ƙi fitowa. Ku fara dubawa: yaushe rabonsa da bayan gida? Fitsari na masa zafi? Gyambon kwanciya fa? Kafaɗar da ta shanye tana ciwo sosai, kada a ɗaga shi ta wannan hannun. Tambaya ɗaya, ta e ko a'a, sannan a jira. A ɗaga masa kofi da buta ya nuna da kansa. Kuma a daina cika ɗakin ana zancensa kamar ba ya wurin.

Hajjo: Ni na yi jinyar surukata haka. Ni ce wanka, ni ce goge kashi, ni ce shan cizo, har yau tabon haƙorinta na nan a dantsena. Kullum da magariba sai ta hau buga gado, aka ce aljanu ne. Ashe zani take so a rufa mata a ka ta yi salla. Ranar da ta rasu 'ya'yanta mata suka zo da sababbin leshi suna cewa ni na ƙarasa ta da yunwa. Ban yafe ba.

Ummu Sadik: Innalillahi. Hajjo, ki yafe don Allah, ladanki na can.

Hajjo: Ke kika sha cizon?

Ɗan Fagge: Mai jinya dubu 40 ne a wata, mun ɗauka wa kawunmu.

Baban Nana: Wace shekara? Mu dubu 90 muke biya, ban da abinci, kuma ba ya kwana.

Ɗan Fagge: To naku likita ne. Ni ma fa uwargida "to" kawai take ce min in ta yi fushi, kuma kofin yana biyowa baya. Ita ina zan kai ta?

Abu Hanif: Sista, kakanmu ba ya iya kiran sunan kowa amma yana kawo Ƙulhuwallahu tas. Wannan ma boko zai bayyana?

Sista Bilki: Sananne ne, Malam. Abin da aka haddace tun yarinta yakan fito ko da sauran magana ta ƙi. Har zargin irinsu ake yi wai da gangan suke shiru.

Hajjo: Ku a asibiti awa takwas kuke yi ku tafi gida. A tambayi wanda ya kwana da su.

Sista Bilki: Na jinyaci uwata kafin na jinyaci ta wani, Hajjo.

Ummu Sadik: Ni abin da ke ba ni haushi mazan. Ɗa yana Abuja, ya turo dubu 20, ya rubuta "ya jikin Baba" a WhatsApp, shi ke nan ya sauke nauyi. Da an zo rabon gado kuwa shi ne a sahun gaba.

Baban Nana: Kason namiji biyu ba mu muka yanka ba. Kuma kuɗin gashin nan wa ke biya?

Maman Khalifa: Jama'a, ni dai ranar Asabar yayyena za su zo da mota. Sista, na tambayi Umma, ta ce kwana biyar rabonsa da bayan gida.

Hajjo: Su zo da motar. Ki ce ɗayansu ya kwana a ɗakin Baban tukuna.