Wai me ke hana ginin asibitin gwamnati ƙarewa a kan lokaci ne?

Ɗan Kurna, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar gini ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Ni aikin wayarin nake yi a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani da ya karɓi aikin wuta daga hannun babban ɗan kwangila, ginin wani asibitin gwamnati ne, ba sai na faɗi wurin ba. Gini ya tashi har an yi fenti ta waje, wanda ya wuce a mota zai rantse gobe za a yanka ribon, amma ciki silin a buɗe yake wayoyi na ta reto, tun kafin azumi aka ce mu dakata wai ana jiran mustakhlas, wato kuɗin aikin da aka riga aka yi, ya fito, da muka sake tambaya kuma sai mushrif ɗinmu, mai sa ido kan aikin, yace a'a zane ne za a canza a ɓangaren tiyata. Albashi yanzu rabi rabi yake zuwa, wani watan ma shiru kake ji.

Abin da ya fi bani mamaki a gabanmu aka haƙa fandishon wani mol a tsallaken titi, sun gama sun buɗe har yara na shan askirim a ciki, mu kuma muna nan. Kuma ba nan kaɗai ba, a gida Najeriya ma haka na taso ina ganin kangon asibiti. To shin kuɗin ne babu, ko cinyewa ake yi, ko kuwa shi asibiti gininsa daban ne? Sai ta biyu, in ci gaba da haƙuri ne ko in nemi naƙalin kafala, wato komawa ƙarƙashin wani kamfani, tun da sauran ƙarfina?

Injiniya Abu Safwan, Riyad

Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya zatonka na uku shi ne ya fi kusa da amsa, asibiti gininsa daban ne. Bulo da kankare da kake gani daga waje su ne mafi sauƙi a cikin aikin, wahalar da kuɗin duk suna cikin silin ɗin nan da kace a buɗe yake. Bututun iskar oksijin sai ya je kan kowane gado, kuma na jan ƙarfe ne na musamman ba na famfo ba, ɗakin tiyata yana da nasa na'urar tace iska, ɗakin keɓe mai cuta mai yaɗuwa dole iskarsa ta riƙa shiga ciki kada ta fito baranda, ɗakin hoton ƙashi sai an shimfiɗa dalma a bango, na MRI sai an kewaye shi da jan ƙarfe, ɗakin gashin cutar kansa kuwa kaurin kankarensa ya wuce mita guda. Kai da kake wayarin ka fi ni sanin layin wutar gaggawa daban yake da na sauran gini. Mol kuwa babban fili ne da AC, kowane mai shago shi zai ƙawata nasa, kuma mai mol duk watan da bai buɗe ba hayarsa ce ke tafiya, don haka shi ke bin ɗan kwangila da gudu. Asibitin gwamnati in bai buɗe ba babu wanda aljihunsa ya yi kuka, marasa lafiya ne ke ci gaba da cunkoso a tsohon.

Yadda jinkirin ke haihuwar jinkiri kuma shine, an zana asibiti a shekarar kaza, an bada kwangila ga wanda ya fi kowa arha, shi kuma da ma ya karya farashi ne don ya samu aikin yana lissafin zai fanshe a canje canjen da za su biyo baya. Aiki ya ɗan tsaya shekara 2 ko 3, kafin a dawo na'urar da aka zana wa ɗaki kamfanin ya daina yinta, sabuwar ta fi nauyi ko ta fi cin wuta ko ƙofar ba za ta shige ba, sai a fasa bango a sake jan waya, sai a zauna jayayya kan wa zai biya kuɗin canjin, takarda ta tafi wajen mai sa ido ta tafi ma'aikata ta dawo, wata 6 sun wuce, kafin nan kuma farashin rodi da jan ƙarfe ya motsa. Inaga abin da ya same ku a ɓangaren tiyatar kenan.

Ga kuma tsadar da ba ta cikin lissafin farko. Wanda ya sa hannu a kwangila kafin 2018 bai san da harajin kaya na VAT ba, aka kawo kashi 5 a Janairun 2018, aka mai da shi 15 a Yulin 2020, a 2018 ɗin kuma aka ƙara kuɗin da kamfani ke biya kan kowane ma'aikaci baƙo. Dizal da yake halala 75 lita (halala 100 ce riyal ɗaya) ya koma riyal 1.15 a farkon 2024, ya ƙara hawa zuwa 1.66 a 2025, kuma duk tirela da janareta da injin kwaɓa kankare shi suke sha. Daga ƙarshen 2023 rikicin Bahar Maliya ya sa manyan jiragen ruwa da yawa suka koma zagaye Afirka, kaya suka riƙa makara. Mu ma nan mun yi sa'a riyal a ɗaure yake da dala a 3.75 tun 1986, da abin ya fi haka muni.

Wanda ya daɗe a ƙasar nan zai tuna 2011 lokacin da Sarki Abdullah ya ware wa ma'aikatar lafiya riyal biliyan 16 don manyan biranen lafiya, mai na sama da dala 100 a lokacin. Zuwa Janairun 2016 ganga ta faɗo ƙasa da dala 30, biyan 'yan kwangila ya yi ta jinkiri, kamfanin gini na Binladin ya sallami dubban ma'aikata, takwaransa Saudi Oger kuwa rufewa ya yi gaba ɗaya a 2017 bayan ma'aikatansa sun yi watanni ba albashi. Ayyuka da yawa a lokacin suka shiga sahun da Larabawa ke kira muta'assira, wato ayyukan da suka tsaya, wasu sai da aka ƙwace aka sake bada su ga wani kamfani, kuma sabon ɗan kwangila ba ya yarda ya ɗora kan aikin wani sai ya bincike komai ya sa nasa farashin.

Gaskiya Ɗaci, Makka

Injiniya ka yi bayani mai kyau amma wlh kun cika son rufa wa manya asiri da turancin gini. A gida dai sata ce kawai ba wani bututun oksijin. A karɓi kuɗin somin aiki a raba, a zuba fandisho a kafa allo mai hoton gwamna shikenan, sabon gwamna ya zo yace ba aikinsa bane ba zai ƙarasa wa wani suna ba. Asibitin Giginyu da na yara na Zoo Road a Kano ai tun zamanin Shekarau aka fara su, suka yi shekaru a tsaye, sai Disambar 2017 Buhari ya zo ya buɗe su lokacin Ganduje. Dalma ce ta hana ko MRI? Kuma tun 2001 aka zauna a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya, je ka duba ko gwamnatin tarayya ta taɓa kai wa nan.

Maman Hanan, Makka

Dan Allah kar a maida zancen na Kwankwasiyya da Gandujiyya, mun gaji. Ni nas ce, abin da zan ƙara kan na Injiniya shine ko an gama gini ba a gama asibiti ba. Na taɓa aiki a wani sabon wuri da aka miƙa mana makulli, komai na sheƙi, amma hawa biyu a kulle suke saboda babu ma'aikatan da za su riƙe su, gado ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman kusan nas guda yake ci a kowane dawam, wato zangon aiki, ka lissafa dare da rana da masu hutu. Su kuma na'urorin an sayo su tun ginin bai kai ba, suka zauna a kwali garantinsu na ƙarewa ba a ko kunna su ba, ranar da aka kunna ɗaya ta ƙi tashi kamfanin yace lokacinsa ya wuce sai a biya. Wannan asarar ba ta fitowa a jarida.

Sannan akwai jinkirin da ni ban ƙi shi ba. Tun gobarar asibitin Jazan a Disambar 2015 da ta ci mutum sama da 20, wadda ta tashi a hawan da ɗakin haihuwa da na kulawa ta musamman suke, in naji ance difa'ul madani, wato hukumar kashe gobara, sun ƙi sa hannu sai an gyara ƙofar gudun gobara ko an sake jan wata waya, wallahi bana jin haushi. Mu ne a ciki da majinyatan da ba sa iya tashi da ƙafarsu. Don haka Malam Ɗan Kurna in an dawo aiki kar ka bari a matsa maka ka rufe silin kan wayar da ka san ba daidai take ba.

Baba Mai Wurno, Madina

Salamu alaikum 'ya'yana. Ni haifaffen Sudan ne, kuma in kuna zancen tsada ku tambaye mu. Da Kudu ta ɓalle a 2011 kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ya tafi da ita, daga nan kuɗinmu bai sake tsayawa ba. A Fabrairun 2021 rana ɗaya gwamnati ta mai da dala daga jine 55, kuɗin Sudan kenan, zuwa 375, to ɗan kwangilar da ya karɓi ginin asibiti da tsohon farashi ina zai sa kansa, ko waliyyi ne sai ya gudu. A wani ƙauyenmu jama'a da 'yan uwa na nan Saudiyya muka yi karo karo muka tada ɗakuna huɗu na shan magani, hukuma tace ita za ta sa rufi ta kawo ma'aikaci, kuɗin rufin da aka rubuta kafin ya fito ko rabin kwanon ba zai saya ba. Sai yaƙi ya zo a Afrilun 2023, yanzu ba zancen ƙarasa sabo ake ba, tsofaffin na Khartum da Madani ma gyara suke nema. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.

Injiniya Abu Safwan, Riyad

Amin Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Malam Gaskiya Ɗaci ni ban ce babu sata ba, akwai, nan ma ai ba don ado aka kafa Nazaha, hukumar yaƙi da cin hanci, a 2011 ba. Kuma zancen sabon gwamna ya watsar da aikin na baya gaskiya ka faɗa. Abin da nake cewa ko ka cire ɓarawo lissafin ba ya fita in ana sakin kuɗi kaɗan kaɗan kowace shekara alhali naira na zubewa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wasu garuruwa, kuma kusan duk na'urar asibiti da dala ake sayenta. Ko a Ingila asibitin Royal Liverpool da aka shirya buɗewa a 2017 sai Oktoban 2022 aka shiga, kamfanin Carillion da ke gina shi ya durƙushe a Janairun 2018, aka kuma tarar da tsagewa a wasu bim ɗin kankaren sai da aka gyara. Ni a ganina babban laifin gwamnatoci shine fara asibiti 10 da kuɗin guda 3 saboda kowane gari a kafa allo, gara a gama ɗaya a zuba ma'aikata sannan a taɓa na gaba.

Ƙanena na manta tambayarka ta biyu. Kai a can ƙasan layi kake, ma'aikata ta biya babban ɗan kwangila, shi ya biya kamfaninku, sannan ku, don haka ko mustakhlas ya fito yau ba lallai ka gani a watan nan ba, kuma ba ruwan doka da wannan uzurin, albashinka a wuyan kamfaninku yake. Ka fara ciro bayanan asusunka na banki da ke nuna watannin da ba a biya ba ko aka biya rabi, ka duba kwantiraginka a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka tabbata albashin da ke ciki shine wanda kuka yi magana. In an yi wata 3 a jere ba a biya ka ba kana da damar komawa wani kamfani ba tare da yardar kafili ba. Haƙƙinka na baya kuma ka shigar da ƙara ta taswiya wuddiyya, wato neman sulhu, a maktabul amal, ofishin ƙwadago, ta intanet ake yi, in ba a sasanta cikin kwanakin aiki 21 ba sai a tura kotun ma'aikata. Kar ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka alhali baka karɓa ba, ko da sun ce sai da ita za su sake ka, kuma kar ka daina zuwa wurin aiki haka kawai su rubuta ka a wanda ya gudu.

Ɗan Kurna, Jidda

Na gode ƙwarai Injiniya, Allah Ya saka, Hajiya Maman Hanan in sha Allah ba zan rufe aikin banza ba. Matsalar ita ce su wayo suke yi, duk wata na biyu ko na uku sai su turo ɗan wani abu don kar a ce wata 3 a jere, to rabin albashin ana lissafa shi an biya ne ko ba a biya ba? Kuma iƙamata, takardar izinin zamana, saura kaɗan ta ƙare.

Injiniya Abu Safwan, Riyad

Ragowar da ba a baka ba bashi ne a kansu kuma zaka iya nemansa ta taswiyar tun yanzu ba sai ka jira wata 3 ba, ka tafi da takardar banki su da kansu za su lissafa. Iƙama kuwa sabunta ta nauyin kamfani ne ba naka ba, in suka bari ta mutu wannan ma wata ƙofar naƙali ce gare ka. Ka fara neman kamfanin da zai turo maka tayi a Qiwa tun kafin ranar ta zo, masu wayarin da suka taɓa aikin asibiti ana nemansu a Riyad yanzu.