Muhawara: katin bashi na kanti mai gyara, wa ke cin ribarsa?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Maganar da aka fara jiya bayan isha'i ba ta ƙare ba, ga ta a taƙaice saboda waɗanda ba su nan. Wani ɗan'uwanmu mai babban kanti a nan Gusau yana tunanin haɗa kai da banki su fito da kati irin na manyan kantunan Amurka. Ka ɗauki kaya da katin, banki ya biya kanti, kai ka biya banki ƙarshen wata, a kuma mayar maka da kashi 2 cikin 100 na abin da ka saya a matsayin gyara. Malam Akanta ya ce duk mai biya kan lokaci riba zalla yake ci, ba ya asarar ko kwabo. Wasu sun ce ba haka ba ne. A kawo hujja da lissafi, don Allah.

Akanta: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Magidancin da ke cefanen N200,000 a wata, da kati ko ba kati sai ya kashe wannan kuɗin. Idan ya bi ta katin, N4,000 za ta dawo masa duk wata, N48,000 ke nan a shekara. Sannan akwai kwanakin sarari tsakanin ranar da aka rufe lissafin wata da ranar biya. A Amurka dokar katin bashi ta 2009 ta ce kada su gaza kwana 21. Wanda ya biya duka a cikin kwanakin nan ba a ɗora masa kuɗin ruwa. Abin kuma yana aiki a can: katin Amazon da bankin Chase ke bayarwa yana mayar wa masu rajistar Prime, wato masu biyan kuɗin zama mamba, kashi 5 na sayayyarsu a kantin intanet na Amazon. To ina asarar take?

Ma'aikacin banki, sashen bashi: Malam, lissafinka daidai ne, amma ka tsallake tambaya ɗaya: daga aljihun wa N4,000 ɗin za ta fito? A Amurka duk sanda aka goga katin bashi, kanti yana biyan kusan kashi 2 zuwa 3 na cinikin, kuma kaso mafi tsoka na bankin da ya ba da katin ne. Daga nan ake yanko gyaran. Da Tarayyar Turai ta ƙayyade rabon bankin a kan kashi 0.3 a 2015, gyaran katuna da yawa a can ya ragu. Mu nan a 2019 Babban Banki ya sa abin da ɗan kasuwa ke biya a cinikin POS ya zama kashi 0.5, kuma kada ya wuce N1,000. Ka ga ko an yi cefanen N200,000 a goga ɗaya, N1,000 ce ta shigo, ita ma raba ta ake yi da masu na'ura da kamfanin kati. Saura N3,000 da ɗoriya. Hanya biyu ce ta rage: ko mai kanti ya cire daga ribarsa, ko a samo daga kuɗin ruwan waɗanda suka makara.

Mai kantin kayan masarufi, Tudun Wada: Daga ribar mai kanti kam ba za ta fito ba, ranka ya daɗe. Mu ce buhun shinkafa N70,000, ribar da ke kansa N1,500 bayan an cire kuɗin mota da na 'yan dako. Kashi 2 na N70,000 N1,400 ne. Wa zai sayar da buhu don N100? Abu biyu mai kanti zai yi. Ko ya rubuta a ƙasan takarda cewa shinkafa da sukari da man gyaɗa da fulawa ba su cikin gyara, ko ya ɗaga farashin sabulu da madara da taliya da 'yar naira hamsin-hamsin inda ido ba ya kai wa. Idan ya yi na biyun, tsohuwar da ta zo da kuɗinta a ƙulle a bakin zane ita ma ta biya ƙarin, alhali ba ta da kati.

Akanta: Na yarda da wannan, Alhaji. Amma ai ya ƙara ƙarfafa maganata. In dai farashin ya riga ya hau kan kowa, mai kati ne kaɗai ke karɓo nasa. Ni a kan mai biya kan lokaci na yi magana, ban ce tsarin adalci ne ga kowa ba.

Malama mai koyar da lissafin kasuwanci: To mu tsaya a kan "mai biya kan lokaci" ɗin, Malam, domin nan gizo ke saƙa. Takardar ƙarshen wata lamba biyu take nunawa: jimillar bashi, da mafi ƙarancin abin da za ka iya biya ba a ce ka saɓa ba. Mutane da yawa ƙaramar suke biya su ɗauka sun fita. Mu ce bashin N200,000, ya biya N20,000, ruwa kuma mu ƙaddara kashi 4 a wata. N180,000 da ta rage za ta haifi N7,200. Gyaran kusan wata biyu ya tafi a wata guda. Abin da ya fi wannan ciwo, da zarar ka tsallaka da saura zuwa wani wata, a yawancin katuna kwanakin sararin nan sun faɗi. Sabon cefanen da za ka yi gobe daga ranar saye ruwa zai fara hawa kansa, har sai ka share bashin tas.

Akwai kuma wanda ya fi kama mutane, wato tallar "wata shida babu ruwa" a kan manyan kaya. A katunan kantunan Amurka sau da yawa ruwan ba yafe shi aka yi ba, jingine shi aka yi. Ga yadda yake. Firji na N600,000, kana biyan N100,000 duk wata. Wata biyar ka cika, a na shida ka kawo N80,000, saura N20,000. Ba a kan N20,000 za a lissafa ruwa ba. Za a koma tun ranar farko: dubu 600, 500, 400, 300, 200, 100, jimilla N2,100,000. A kashi 3 a wata, N63,000 ke nan za ta faɗo maka rana ɗaya saboda giɓin N20,000. Kuma katunan kantuna a can ruwansu ya fi na sauran katuna tsada, yana kai wa kusan kashi 30 a shekara.

Dillalin hatsi, Talata Mafara: Malama ta gama magana. Ni abin da nika son a duba, wanga kati an yi shi don mutanen da kuɗinsu ka shigowa rana guda sananniya. Mu nan fa? Manomi sai kaka. Ɗan kasuwa sai ranar kasuwa, in an ci kasuwar Shinkafi ranar Alhamis lafiya, in hanya ta yi kyau. Ma'aikaci kuwa albashi na iya kai wa biyar ga wata ko goma, katin ko ranar da anka rubuta ita ce. Kuma ku tuna watan Satumba na 2021 da anka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya. Makonni ba kira, ba tura kuɗi, POS ta mutu. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, turawa na maƙalewa kwana da kwanaki. Mutum na da niyya, yana da kuɗin, hanyar biya ce babu. Shin kwamfutar banki ta san wanga uzuri?

Ma'aikacin banki: Ba ta sani ba, Alhaji, sai in an rubuta shi cikin yarjejeniya. Kuma makara ba a ruwa da tara kaɗai take tsayawa ba. Bankuna suna kai rahoton masu bashi ga kamfanonin adana tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Sunan da ya ɓaci a can, ranar da ya zo neman jarin noma ko na kasuwa zai tarar da shi. Sannan tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI: idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar bashi kuma ka gaza biya, banki na iya bin BVN ɗinka ya cire kuɗinsa daga asusunka na wani banki. Littafin bashin mai shago ba ya haka. Shi za ka je ka ce a yi maka haƙuri zuwa Juma'a, ya dubi idonka ya ɗaga maka.

Akanta: Wannan duk akwai maganinsa. A sa umarnin cirewa kai tsaye daga asusun albashi, a zaɓi "biya duka" ba "mafi ƙaranci" ba. A nemi a sa ranar biya sha biyar ga wata maimakon ɗaya ga wata. A ajiye iyakar bashin da katin zai iya ci ƙasa da rabin albashi. Kada a ciri tsabar kuɗi da shi, domin wannan ba shi da kwanakin sarari kuma ba shi da gyara. Wanda ya kiyaye huɗun nan, ku nuna mini inda zai faɗi.

Mai POS, Sabuwar Kasuwa: Cirewa kai tsaye tana faɗuwa in asusun ya gaza ko da N50 ne, Yallabai. Kuɗin saƙon waya ko harajin N50 na tura kuɗi ya isa ya rage lissafin da mutum ya ajiye cif-cif. Umarni ya dawo, shi bai sani ba sai tara ta hau. A riƙa barin rarar dubu biyu ko uku a kai.

Sai maganar gyaran kansa. A tambaya tun farko, kuɗi ne ko maki? In maki ne a yi lissafi. Misali maki 1 a kowace N100, maki 1,000 kuma a canza shi N500: sai ka kashe N100,000 ka sami N500, rabin kashi ɗaya ke nan, ko da allon talla ya cika da manyan lambobi. A tambaya yaushe makin ke mutuwa, ko sai ya kai wani adadi kafin a taɓa shi, ko a kantin kaɗai ake cinsa. In ka mayar da kaya ana zare makin da ka samu a kansu. A wasu katunan wanda ya makara ma makinsa na watan yana tafiya.

Malamin fikihu, Ƙaura Namoda: Allah ya saka wa kowa. Na bari ku gama lissafi ne kafin in sa baki, domin ko da lissafin Malam Akanta ya fita ba ko ɗigo, akwai saura. Gyara daga mai sayarwa zuwa mai saye halal ne, kyauta ce ko ragin farashi, kamar yadda mai awo ke ƙara maka ɗan hannu bayan ya cika tiya. Matsalar tana cikin takardar da za ka sa wa hannu. In an rubuta cewa idan ka makara za ka biya ƙari a kan bashin, ka amince da sharaɗin kuɗin ruwa tun ranar farko. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da irin wannan kati ko a yi mu'amala da shi ba, ko da mai shi ya ƙudurta zai biya cikin kwanakin da babu ruwa. Ƙa'idar katuna ta AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, ita ma ta hana katin da bashinsa ke juyawa da ruwa.

Akanta: Allah gafarta Malam, ai akwai malaman da suka sassauta ga wanda ya tabbata zai biya.

Malamin fikihu: Akwai, musamman ga mazauna Turai da Amurka, inda hayar mota ko kama ɗakin otal ke wuya ba tare da katin ba. Hujjarsu buƙata ce mai ƙarfi. Mutumin Gusau da ke da katin ATM a aljihu, ga POS a kowace kwana, wace buƙata ce ta matsa masa? Neman N4,000 bai kai wannan matsayi ba.

Malama: Shi ya sa nake ganin a raba abu biyun da aka ɗaure wuri ɗaya. Gyara daban, bashi daban. Ko a Amurkan, kantin Target yana da katin da ke cira kai tsaye daga asusun mutum na banki, ba bashi, kuma ragin kashi 5 ɗin ɗaya ne da na katinsu na bashi. Ɗan'uwanmu zai iya yin katin tara maki da lambar waya kawai, kowa ya biya da kuɗinsa, har mai tsaba ya shiga. Manyan kaya irin firji da injin niƙa da sola kuma a bi ta murabaha da bankin da ba ya ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 ko TAJ: banki ya sayi kayan, ya sayar maka a farashi ɗaya sananne, a raba biya wata-wata, bashin ba ya ƙaruwa.

Mai kantin kayan masarufi: In ba bashi, banki ba zai sa ko sisi a gyaran ba, Hajiya. Mai kanti kaɗai zai ɗauka. In ni ne, abin da zan iya shi ne kashi 1, ban da shinkafa da sukari da mai.

Akanta: Kashi 1 a kan rabin cefane, N1,000 ke nan a wata maimakon N4,000. Na karɓi maganar Malam ta fuskar shari'a, ba ni da ja a nan. Ta fuskar lissafi kuwa har yanzu ina cewa mai albashi tsayayye da ya kiyaye sharuɗɗan da na lissafa ba ya asara.

Ma'aikacin banki: To kafin ɗan'uwanmu mai babban kantin ya sa hannu, ya karɓo daftarin yarjejeniyar ya turo mana shafi uku: inda aka rubuta ruwa da tarar makara, inda aka ce wa zai ɗauki asara in mai kati ya gudu da bashi, da inda aka ba banki ikon canza yawan gyaran. Na ukun nake so in fara gani, ko akwai wa'adin sanarwa a ciki ko babu.