Yadda ake gane ɗan macijin ƙasa na Amurka

An yi wata tattaunawa kan yadda ake gane wani ɗan maciji mai launin toka zuwa ruwan ƙasa da ake yawan samu a ƙarƙashin duwatsu da ruɓaɓɓun ganye a gabashin Amurka, wanda masana ke kira Virginia valeriae. Masana biyu, Baird da Girard, ne suka fara bayyana shi a 1853, kuma yana cikin babban dangin macizai na Colubridae. Ba shi da dafi. Babban abincinsa shi ne tana, wato tsutsar ƙasa, tsawonsa kuwa yawanci santimita 18 zuwa 25 ne, kuma haihuwa yake yi, ba ƙwai ba.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a dogara da launi, domin yana da ɗan'uwa, Haldea striatula, da suke kama kamar an tsaga kara. A da ma suna rukuni guda, sai a 2013 aka raba su. A duba ɓawon bayansa. Na Virginia sumul yake, ko kusan haka, na Haldea kuwa kowane ɓawo yana da ɗan tudu a tsakiya, shi ya sa yake da kaushi. Leɓen sama ma yana taimakawa: ɓawo 6 a Virginia, 5 a Haldea, wanda hancinsa ya fi tsini.

A ganina wannan ƙidaya sai da hoto mai kyau daga kusa, don ido kaɗai ba zai iya ba. Wani kuma ya tunatar cewa in an ɗaga dutse, a mayar da shi yadda yake.