Neman kalma: me za mu ce wa "deregulation" a rahoton Ajantina?

Mai Shirin Safe: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe bakwai za a saka rahoto kan shugaban Ajantina, Javier Milei, kuma yau da daddare za a ɗauka. Kalmomi uku sun tsaya min: deregulation, free market, libertarian. Ta farkon ta fi matsa min, don a watan Yulin 2024 ma'aikata sukutum ya buɗe mata, ya naɗa Federico Sturzenegger minista. Dole in faɗi sunan ma'aikatar.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. "Cire tallafi" mana. Shi kowa ya sani tun 29 ga Mayun 2023.

Malamar Tattali: A'a Malam, abu uku ne ake cakuɗawa. Cire tallafi shi ne gwamnati ta daina cike giɓin farashi da kuɗinta. Cefanarwa ita ce ta sayar da kamfaninta. Na ukun kuwa, kaya na hannun mai su, gwamnati ba ta biyan sisi, dokar da ta ce "ga yadda za ka yi" ita ake ɗagewa. Dubi dokar haya ta Ajantina ta 2020. Ta ce yarjejeniya kada ta gaza shekara uku, kuma ba a ƙarin kuɗi sai sau ɗaya a shekara, bisa ma'aunin babban banki. A 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin ɗari, wato kuɗin hayar ƙarshen shekara ba ya sayen rabin abin da ya saya a farkonta. Sai masu gidaje suka riƙa rufe gidajen, ko su sa su a kasuwa, ko su lafta kuɗi tun ranar farko. Umarnin gaggawa mai lamba 70 da Milei ya bayar a Disambar 2023 ya soke dokar. Yanzu tsawon haya, lokacin ƙari, har kuɗin da za a biya da shi, peso ko dala, sai abin da mai gida da ɗan haya suka daidaita. Ina tallafi a nan? Ni "sassauta dokokin kasuwanci" zan ce.

Ɗan Masanin Birni: Hajiya, bayaninki ya fito, amma kalmomi uku sun yi wa rediyo nauyi. "Kwance-dabaibayi." Doka dabaibayi ce a ƙafar ɗan kasuwa, an kwance. Manomi a Rano zai gane kafin a rufe baki.

Malamar Tattali: Zai gane, amma ya gane da hukunci a ciki. Wanda ya kira doka dabaibayi ya riga ya ba Milei gaskiya. Ƙungiyoyin ƙwadagon Ajantina sun kai ɓangaren wannan umarni da ya shafi haƙƙin ma'aikata kotu, aka dakatar da shi a Janairun 2024. Su a wurinsu garkuwa aka ƙwace musu. Mai rahoto ba ya shigar wa kowa faɗa.

Bakatsine: To a bar shi "diregulashan", kamar yadda muka karɓi gwamnati da banki.

Ɗan Masanin Birni: Subhanallahi. Wannan lalacin ne ke kashe mana harshe. Kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja, sun san kuɗin fito da la'ada da dillanci, a ce yau ba mu da kalmar kasuwa sai mun ara? Kwance-dabaibayi na nan daram.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, kan aro ina tare da kai. Mai saurare a Maraɗi ko Damagaram bai taso da Ingilishi ba, diregulashan ba ta gaya masa komai. Amma ku ma ku daina yanke kalma a Kano sannan ku aiko mana kamar umarni.

Ɗan Masanin Birni: Daidaitacciyar Hausa dai kan Kananci aka gina ta, ba ni na ce ba.

Ɗan Damagaram: Rubutu aka daidaita, ba a ba ku harshen gado ba.

Mai Shirin Safe: Don Allah malamai, ƙarfe tara zan shiga ɗakin ɗauka.

Malamar Tattali: Yi haƙuri ƙanena. Tunda dokar haya soke ta aka yi gaba ɗaya, "sassauta" ta yi kaɗan. "Rage dokoki" ta ɗauki sokewa da sassautawa duka. Ka ce Ma'aikatar Rage Dokoki da Sake Fasalin Gwamnati. Ta biyun, kada ka kuskura ka ce "kasuwar kyauta". Muna da "barin kasuwa ta yi halinta", kishiyar ƙayyade farashi, kuma jama'a sun saba jinta a labarin naira.

Bakatsine: Ta ukun, "mai sassaucin ra'ayi"?

Malamar Tattali: Wannan ta matsakaita ce. Mutumin da ya yi yaƙin neman zaɓe riƙe da zarton inji, ya zabge ma'aikatu daga 18 zuwa 9, yana kiran haraji sata, ba sassauci gare shi ba. Ka kuma yi hattara da batun harajin. Dattijon da ya tuna Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali zai ɗauka tafiyarsu ɗaya, alhali su so suke gwamnati ta ƙara tsaya wa talaka, Milei kuwa so yake ta tsaya kan tsaro da shari'a da kare dukiyar mutane.

Ɗan Damagaram: "'Yan ba-ruwan-gwamnati", kan salon 'yan ba-ruwanmu.

Bakatsine: Za a ji kamar masu tawaye ne.

Mai Shirin Safe: Na ɗauki "rage dokoki" da "kasuwa ta yi halinta". Ta ukun zan yi mata jimla: mai aƙidar gwamnati ta janye hannunta daga kasuwa da rayuwar mutane. Na gode ƙwarai.

Ɗan Masanin Birni: Jimla ba kalma ba ce. Na bari saboda lokacinka, amma in ka zo faɗin abin da magoya bayansa ke cewa, ka sa kwance-dabaibayi a bakinsu. Hajiya, ko nan ma da ja?

Malamar Tattali: A bakinsu kaɗai, babu ja.